Kada Kowa Ya Gani

Zafin bazarar bana ya tuna mini da na wata shekara. Shekaranjiya na shiga Bunkure sayen tiyon ban ruwa, don nawa ya tsage har wuri uku, na tsaya a shagon Alhaji Mamuda, riga ta manne mini a baya saboda gumi. Ya yanko mini tiyon ya naɗe, na sa hannu a aljihu, sai ya ce, "Bar takardun nan naka masu warin taki. Turo ta waya." Haka ake ciniki yanzu ko'ina, mai kifi da mai rake da mai faci kowa da lambar asusunsa rubuce a jikin kwali. Na ciro waya, na juya wa mutanen da ke kan benci baya, na cire hula na rufe ta, na kuma datse bakina kafin in danna lambar sirri.

Mamuda ya kwashe da dariya har da tari. "Ku dube shi! Mai Shela ya koyi shiru."

Mamuda ɗan gwaggona ne, taubashina, don haka bakinsa ba shi da linzami a kaina. Sunana Habu, amma shekara kusan ashirin ke nan rabon da in ji ya kira ni da shi. Yaran yanzu suna zaton wani kakana ne ya yi wa dagaci shela. Ba haka ba ne, da bakina na sayi sunan, kuma na biya shi da tsada.

Shekarar ban riƙe ta daidai ba, ko dubu biyu da shida ko da bakwai, lokacin dai waya ba ta daɗe da shigowa ƙauyukanmu ba. Zafi ya sauko da wuri. Kafin hantsi ya ɗaga ƙasa ta fi ƙarfin tafin ƙafa, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu, kaji su buɗe baki su kwanta ƙarƙashin rumbu. Iska in ta taso ba ta kawo sauƙi, sai dai ta ƙara busar wa mutum da leɓe. Kullum da la'asar sai mu dubi gabas, ko da yake kowa ya san da sauran wata biyu kafin hadari.

Tumatir ya yi kwantai a ranin nan. Kowa ya shuka, kowa ya samu, har ta kai kwandon da babu komai a ciki ya fi abin da ke cikinsa daraja. Muka yi ta yankawa muna shanyawa a bakin hanya, gari duk ya ɗauki tsamin kauɗa, ƙudaje suka samu sallah. Da aka ji farashi ya ɗan motsa a kudu, sai yayana, Yaya Sale, ya haɗa tsinkar ƙarshe ya bi babbar mota zuwa Legas. Ya bar mini gida da gona da wayar da muka haɗa kuɗi muka saya mu biyu, 'yar ƙarama mai tocila a ka.

Abin da muka dogara da shi a lokacin masara ce. Bayan mun cire tumatir mun shuka eka biyu ta masarar bazara a gonar Baba, da lissafin mu sayar da rabi ɗanya ga masu gasawa, rabi mu bari ta bushe ta kai mu ga sabon gero. Gonar tana wutsiyar kanal, kuma wanda ke wutsiya abin da na gaba suka rage yake sha. Duk da haka ta yi kyau. Ta yi tsawon mutum, ta fara goyo, gemu ya fara leƙowa. Daidai nan aka rufe ruwa don gyaran babban kanal. An ce mako biyu ne. Muka yi gayya, muka shiga ƙaramin kanal ɗinmu da lauje da shebur muka cire ciyawar kacalla da laka, don in an saki ruwa ya iso mu da sauri. Muka gama, kanal ya yi fes, muka zauna muna kallon kanal mai tsabta da babu ruwa a ciki. Mako biyu ya wuce, na uku ya kama.

A gida kuwa Inna ta riga ta rage mudu ba tare da ta sanar da kowa ba. Da safe koko ne ba sukari. Da rana matata Rabi ta kwaɗa rama da ɗan ƙuli, a ci a kora da ruwa mai ɗumi. Da yamma tuwon dawa da miyar kauɗa, yau kauɗa, gobe kauɗa, har na tsani ganin jan abu a kwano. Malmalar tuwon ta riƙa ƙanƙancewa a hankali, kowa ya lura, ba wanda ya yi magana. Ba yunwar da ke kayar da mutum ba ce, irin wadda ke sa shi ya riƙa jin haushin kowa ce.

Ƙasan gonarmu akwai magudanar da ruwan gonaki ke tsiyaya a ciki, kuma ba ta ƙafe ba. Muna da tsohon injin ban ruwa. Abin da babu shi ne fetur, don ana wahalarsa a lokacin, sai a jarka, kuma kuɗi hannu. Mamuda yana sayarwa a gefen shagonsa, amma shi ma da kuɗi a hannu yake sarowa daga Kura, jarka biyu ko uku a rana. Masara kuwa in tana goyo ba ta san uzuri ba. Ganyenta ya fara naɗewa tun da safe, ya koma launin toka.

A ƙauyenmu babu sabis sai a kan gadar kanal. Can nake zuwa bayan la'asar in tsaya da waya a hannu kamar mai jiran bashi, ko Yaya zai kira. Ranar da ya kira, daga wajen masu laima ya kira, inda ake biya da minti, don haka gaisuwar ma a guje ya yi ta.

"Habu, kana ji na? Kaya sun shiga, amma ba a gama haɗa mana kuɗi ba. Sai na ƙara kwana shida ko bakwai. Yaya masara?"

"Ta naɗe, Yaya. In ta ƙara kwana uku ba ruwa, sai dai shanu."

"To saurara. Na sayi katin waya huɗu, na dubu ɗai-ɗai, na kankare. Zan karanto maka lambobin ka rubuta, ka kai wa Mamuda. An ce yana karɓar kati a madadin kuɗi. Ya ba ka mai."

"Lamba ce kuɗin?"

"Lamba ce kuɗin. Kana da biro?"

Ina da biro, takarda ce babu. Na tsinci yagaggen buhun siminti a gindin gada, na ɗora a gwiwa. Yana karantowa da ƙarfi, ina jin hayaniyar motoci da yaren mutanen can a bayansa, ina rubutawa ina maimaitawa. Da muka gama sai ya ce, "Habu, kada ka bari kowa ya gani. Ka ji ko? Wanda ya gani ya ɗauke. Kada kowa ya gani." Layi ya yanke.

Ban taɓa riƙe abu da muhimmanci kamar takardar nan ba. Na ninke ta sau huɗu na cusa a cikin hula. Rabi ta tambaye ni me ya sa nake ta dafe kai, na ce ciwon kai ne. Ko Baba ban nuna masa ba, na dai gaya masa Yaya ya aiko da kuɗi ta waya. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce, "A ina suka shiga?" Na ce ni ma ban sani ba.

Baba a zamaninsa dillalin hatsi ne, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Abu ɗaya ya dasa mana tun muna yara, ni da Yaya: ba a biyan kuɗi a ɓoye. In za ka biya mutum, ka kira mutum biyu ko uku, ka faɗi abin da ka saya, ka ƙirga da ƙarfi kowa ya ji, sannan ka miƙa. Ya ce duk rigimar da ya taɓa rabawa a kasuwa, daga cinikin raɗa ta fito. Da safen da zan tafi ya sake tuna mini. "Ko da ɗan gwaggonka ne, ka sa shaidu."

Ranar kasuwar Bunkure ce. Na ɗaure jarka biyu a bayan keke, na isa wajen sha ɗaya, rana ta take. Mamuda a lokacin ba Alhaji ba ne, shagon ma rabin na yanzu ne: taki, iri, maganin feshi, sai jarkokin mai a gefe. A ƙofa ya kafa laima da tebur da waya, mutane na biya suna kira. Nan dabararsa take. In ka kawo masa kati sai ya loda a wayar nan ya sayar da shi minti-minti, kai kuma ya ba ka kaya, na dubu ya karɓa a ɗari tara. Shi kaɗai ke yin haka a layin, kuma 'yan kasuwa na ce masa mahaukaci, wai yana ba da taki yana karɓar iska.

Bencin da ke ƙarƙashin rumfarsa cike yake da masu gudun rana, mutum goma sha wani abu. Duk na san su. Wasu mun yi gayyar kanal tare, wasu sahunmu ɗaya a masallacin Juma'a. Huɗu ko biyar suna riƙe da waya a hannu, don a lokacin wanda ya mallake ta ba ya sa ta a aljihu. A maƙwabta kuma injin niƙa na ta ruri.

Na gaya wa Mamuda abin da ya kawo ni. Ya miƙo hannu. "Kawo takardar."

"Ba ka gani. Yaya ya ce kada kowa ya gani, kuma bai ce ban da ɓarayin taubasai ba."

Benci ya ɗauki dariya. Mamuda ya ce, "Ka ji baƙauye. To karanto, mai dukiya." Ya jawo kwali da biro.

Na cire hula, na zaro takardar, na kare ta da tafin hannu yadda ko tsuntsu ba zai leƙa ba. Sannan na juya ga benci, yadda aka koya mini. "Jama'a, ku shaida. Kati huɗu ne, na dubu ɗai-ɗai, zan ba Mamuda ya ba ni mai."

Suka ce, "Mun shaida."

Na fara karantawa. Muryata ta manomi ce, wadda ake kiran mutum da ita daga gona zuwa gona, ga kuma injin niƙa da zan rinjaya. Kowace lamba na karanta ta dalla-dalla, na kuma maimaita don kada a yi kuskure. Wajen ta biyu Mamuda ya ɗago ya ce, "Kai, sassauta murya mana." Na ɗauka tsiyar taubashi ce, na ƙara ɗagawa. Na karanta huɗun nan tas, sau bibbiyu, na ninke takarda na mayar cikin hula, ina jin kaina kamar wanda ya sauke farali.

Mamuda ya ɗauki waya ya loda na farko, ya shiga. Wata mata ta zo sayen irin alayyafo, ya tsaya ya auna mata. Ya dawo ya loda na biyu, ya shiga. Ya danna na uku, ya tsaya yana kallon wayar. Ya sake dannawa. Ya tsallaka na huɗu. Na ga fuskarsa ta sauya, wasan ya fita daga cikinta.

"Habu, an ci waɗannan."

"Wa ya ci?"

"An loda su. Biyun ƙarshe babu komai a ciki."

Na fara da zargin mai sayar da kati na Legas, na koma kan Mamuda, na ce ko ya rubuta ba daidai ba. Muka gwada kwalinsa da takardata, wannan karon na yarda ya gani, lamba ɗaya ba ta kauce ba. Na rantse da Allah tun daga kan gada har nan ba mahalukin da ya sa ido a takardar nan. Na cire hula ina nuna musu inda ta kwana. A ƙarshen benci akwai wani tsoho mai sayar da goro, Malam Tanimu, wanda bai taɓa riƙe waya ba a rayuwarsa. Ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Yaro, gaskiyarka, ba wanda ya gani. Amma duk mun ji. Ni nan da ba ni da abin zubawa, na riƙe ta ƙarshen. Bakwai, bakwai, uku, tara..."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sai daga baya aka yi ta, shekara da shekaru. Na tsaya da hula a hannu, kunya ta rufe ni har na fi jin ta a kan asarar. Sai a sannan na gane Yaya ya karanto mini da Hausa ne a tsakiyar mutanen da ba sa jin Hausa. An ce gani ya kori ji, ranar nan ji ne ya kori gani.

Mamuda ya ce kowa ya fito da wayarsa a duba. Amma mutum uku sun riga sun tashi sun shiga kasuwa, sauran kuma suna ta kallon ƙasa. Wa za ka fara cajewa? Wanda ya ɗauki makarar kakarka, ko wanda ya ara maka shebur makon jiya? Malam Tanimu ya ce a bar wa Allah, magana zarar bunu ce. Mamuda bai cire ɗarinsa ba, ya auna mini man dubu biyu cif, ya ƙara mini galan ɗaya daga nasa, bai kuma tsokane ni ba har na hau keke. Jarka ɗaya ta dawo gida da nauyi, ɗaya tana ta kaɗawa a baya.

Na tarar da Baba a zaure. Na gaya masa komai, ban rage ba.

"Da shaidu ka biya?"

"Da shaidu, Baba."

"Su nawa?"

"Sun fi goma."

Ya gyaɗa kai. "To, ni na koya maka. A zamaninmu kuɗi sai an miƙa hannu ake ɗaukarsu." Ya jawo sandarsa. "Man nan zai shayar da eka biyu sau uku?"

"Eka ɗaya dai, da ƙyar."

"In ka raba musu, duka za su mutu. Mu je."

Rabon Baba da gona ya fi shekara, amma ranar ya taka har can, yana hutawa a hanya. Ya tsaya a tsakiyar masara, ganye na ƙara kamar takarda in iska ta taɓa shi. Ɓangaren da ke nesa da magudana shi ya fi kyau, don can muka zuba takin shanu, can goyon ya fi kauri. Amma kai ruwa can sai an ninka mai. Baba ya ja layi da sanda a kan kunya, ya ce daga nan zuwa ƙasa a ba ta ruwa. Bai faɗi abin da za a yi da ta sama ba, ya juya ya kama hanyar gida.

Na tayar da inji. Ruwan farko da ya shiga fangali ƙasa ta shanye shi tana tsuwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi kamar na ruwan farkon damina. Na bi shi da fartanya ina buɗe wannan fangali ina toshe wancan, har ya iso layin Baba, na toshe. Washegari ta ƙasa ta warware ganye ta yi kore shar. Taku ɗaya tsakaninta da 'yar'uwarta, wadda ke tsaye a naɗe. Kwana huɗu ina ratsa ta sama in je in shayar da ta ƙasa, ina ganin goyon yana yanƙwanewa, kuma ban taɓa jin ciwon wani abu na gona kamar wannan ba. A rana ta biyar na kira Jauro Bello, Bafulatanin da ke zaune bayan kanal, muka yi ciniki, ya shigo da shanunsa. Kafin magariba eka guda ta koma kututture da kashin shanu.

Da safen da ya biyo baya na zo gona, sai ga jarka a gindin ɗorawar da ke kan iyaka, daidai bakin inda shanu suka ci. Ba tawa ba ce. Mai launin ruwan ɗorawa ce, an toshe bakinta da leda da tsumman shuɗin yadi. Na buɗe, fetur ne, cike, ya kai na dubu biyu ko ya ɗan fi. Na tambayi maƙwabtan gona, na tambayi Jauro, ba wanda ya ga mai ajiyewa.

Na kinkimo ta zuwa gida raina a ɓace. Da ta zo kwana uku da suka wuce, da masarata na tsaye. Na ce wa Baba zan kai ta kasuwa in ɗaga ta sama, dole wani ya gane jarkar ko tsumman.

Ya ce, "Ajiye ta. Ba ka gaji da shela ba?"

"Baba, ai kai ka ce ba a biya a ɓoye."

"Na ce. Wannan biyan ba ya son shaidu. Mutum ya ji kunyar Allah ya kawo, kai kuma za ka hana shi shiga masallaci? Je ka shayar da abin da ya rage."

Da man nan na yi ban ruwa na ƙarshe. An saki ruwan kanal bayan kwana tara, ya iso mu da gudu ta hanyar da muka share. Yaya Sale ya dawo, ya tsaya a kan kututturen ya ce, "Ba na ce maka kada kowa ya gani ba?" Na ce, "Wallahi Yaya ba wanda ya gani." Eka ɗayar ta ba mu abin da ta iya. Ba mu sayar da ko ɗaya ɗanya ba, kuma duk da haka sai da muka haɗa da garin kwaki kafin gero ya nuna. Jarkar tana nan a ɗakina har yau, ina zuba kalanzir.

Shekaranjiyan nan, da na gama dannawa, wayar Mamuda ta yi ƙara, kuɗi sun shiga. Na mayar da hula, na saɓa tiyo. Bencin yana nan inda yake, an dai sauya masa katako. Uku daga cikin mutanen waccan ranar suna zaune a kai, gemu ya yi fari, muka gaisa, na tambayi iyali, suka tambayi gona.

Mamuda ya ce, "Mai Shela, ka daina wahalar da hularka. Wallahi ba wanda ke kallon lambarka."

Na ce, "Na sani. Ai ran nan ma ba wanda ya kalla."